Bangon da Baba Magini Bai Ƙarasa Ba

Cikin alhini da raunin zuciya, tare da miƙa wuya ga hukuncin Ubangijin da ya ba da rai kuma ya karɓi abinsa, Ƙungiyar Inuwar Zumunta ta 'Yan Arewa Mazauna Doha, a ƙarƙashin jagorancin Shugabanta, Dakta Mudasiru Sagiru, da Majalisar Dattawanta, da ɗaukacin 'ya'yanta maza da mata, ta samu labarin rasuwar ubanmu, dattijonmu, kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka aza harsashin wannan ƙungiya, Alhaji Zulkiflu Baballe Rano, wanda babba da yaro a nan Doha suka fi sani da Baba Magini. Allah ya yi masa cikawa da hantsin ranar Talata a asibiti, bayan gajeriyar jinya ta ciwon zuciya, aka kuma yi masa sutura washegari bayan sallar Azahar a maƙabartar Misaimir. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Muna miƙa ta'aziyyarmu ga uwargidansa, mahaifiyarmu Hajiya Safiyyatu, da 'ya'yansa Malama Aishatu da Malama Habiba da mazajensu, da jikokinsa, da duk zuriyar magina ta gidan marigayi Malam Baballe a Rano. Haka nan muna ta'aziyya ga shugabanni da ma'aikatan gidan adana fasahar zamani da muke kira Gidan Ƙanƙara, inda marigayin ya ƙare rayuwarsa yana aiki. Tun ranar jana'iza wayoyinmu ba su huta ba, kuma tambaya ɗaya ce ke zuwa daga gida da nan: mutumin da kowa ya ji da kunnensa yana cewa a mayar da shi Rano in ta Allah ta kasance, me ya sa aka binne shi a Doha? Tambayar tana bisa hanya, masu yin ta kuma ƙauna ce ta sa su, don haka Majalisar Dattawa ta umarce ni da in ba da amsarta a cikin wannan saƙo, ba tare da ɓoye komai ba.

An haifi Alhaji Zulkiflu a gidan da ba su san wata sana'a ba sai ginin ƙasa. Ya tashi yana kwaɓa wa mahaifinsa laka, yana cilla masa tubali a saman bango, har ya kai ana kiransa shi kaɗai ya tayar da soro. Sai siminti ya shigo gari, masu hali suka riƙa rushe na ƙasa suna sa bulo, waɗanda ba su da hali kuma suka riƙa jin kunyar a ga magini a ƙofar gidansu. Da ya ga sana'ar gado ta daina riƙe gida, sai ya koyi tuƙi, kuma tuƙin ne ya kawo shi ƙasar Qatar fiye da shekara ashirin da suka wuce. Aikinsa na farko a wata tsohuwar masana'antar ƙanƙara ne kusa da bakin teku, inda yake loda manyan sandunan ƙanƙara a mota yana kai wa masunta. Ya sha gaya mana cewa bai taɓa tsanar wani abu a duniya kamar sanyin ɗakin ajiyar nan ba. A garin da rana ke narka kwalta, shi da rigar sanyi biyu yake wuni, yatsunsa suna ƙagewa, har Allah ya ɗauki ransa kuwa bai yarda ya sha ruwan firji ba.

Da masana'antar ta tsaya, hukuma ba ta rushe ginin ba, sai ta mayar da shi gidan adana zane-zane da sassaƙe-sassaƙen zamani, aka bar masa dogayen ƙarafunan rufinsa da tsofaffin bututansa, aka share babban zauren injina ya zama wurin baje koli. Marigayin yana cikin ma'aikata ƙalilan da aka riƙe, ya ci gaba da tuƙi, sai dai kaya ya canja daga ƙanƙara zuwa akwatunan masu fasaha. Bai ɓoye ra'ayinsa a kan kayan ba. Ya taɓa rantse mini cewa akwai ranar da ya ɗauko wani lanƙwasasshen ƙarfe mai tsatsa, har ya kama hanyar juji da shi kafin a bugo masa waya a ce abin da manyan baƙi za su zo gani ke nan. A duk tsawon wannan lokaci motarsa ce ke tarbar baƙinmu a filin jirgin saman Hamad, ɗakinsa ne masaukin wanda bai san kowa ba, shi ne kuma ake turawa gaba idan wani ɗanmu ya samu saɓani da kafil ɗinsa, wato ubangidan da ya ɗauki nauyin zamansa a ƙasar, saboda furfurarsa da sanyin bakinsa. Darasin farko da yake ba kowane sabon zuwa shi ne na salla, don duk ɗan Arewa da ya sauka gabas yake nema ya fuskanta kamar yadda ya saba a gida, alhali a nan alƙibla tana yamma. Yakan juya kafaɗar mutum da hannunsa yana dariya, ya ce: “Yalla, maza juyo nan. Makka tana can, gida ma yana can bayanta. Abin da ya fi yi mini daɗi a garin nan ke nan.”

Babban aikin da za a daɗe ana tuna shi da shi ya faro ne daga wani hoto a wayarsa. Mai kula da baje kolin gidan, Dakta Fauzia Osman, 'yar ƙasar Sudan wadda kakanninta Hausawa ne da suka yada zango a can a kan hanyarsu ta zuwa aikin Hajji, ta ga hoton zauren mahaifinsa wanda aka rushe bayan tahowarsa, ta tambaye shi wa ya gina. Da ta ji cewa da hannunsa a ciki, sai ta nemi ya sake tayar da irinsa a tsakiyar babban zauren injinan nan, a bar jama'a suna shiga suna kallon aikin yana tafiya. Ya ƙi, ya ce hannun da ya daɗe a kan sitiyari ya manta laka. Ta yi ta bibiyarsa da ɗan guntun Hausar da ta gada daga kakarta, tana ce masa Baba, har ya sauko, amma da sharaɗi guda: yashin Doha ba ya gini, sai an kawo masa jar ƙasar Rano, daga kududdufin da mahaifinsa ke ɗiba. A zatonsa ya kashe maganar ke nan, sai ga shi bayan watanni ana sauke buhuna a ƙofar sito.

Kafin a bar ƙasar ta shigo, sai da aka gasa ta don kashe ƙwari da iri, kamar yadda doka ta tanada. Malam Tanko, ɗan ƙungiyarmu da ke gadin wannan zaure, ya ba mu labarin cewa ranar da aka kwance buhun farko marigayin ya damƙo ya shinshina, fuskarsa ta ɓaci, ya ce sun dafa ta sun kashe ta. Ya zauna a kan buhun. Can sai ya ɗauki butarsa ta alwala ya tsiyaya ruwa kaɗan a tafin hannunsa a kan ƙasar, ƙamshin ya tashi, irin na ranar da ruwan farko ya sauka a kan busasshen fili. Malam Tanko ya ce bai taɓa ganin hawayen dattijon ba sai ran nan, shi ma da yake kallonsa juya baya ya yi yana gyaran hular aiki.

Daga nan gini ya kankama. Ya zuba tubali da hannu, ya shanya su a harabar baya inda a da motocin ƙanƙara ke juyawa, ya ja bango, ya ɗaure bakan gizo, ya fitar da zanko a kusurwoyi. Sai kuma ya zo da al'adar da ta ɗaga hankalin masu kula da kayan gidan, waɗanda aikinsu shi ne su hana laima da hannun mutane kaiwa ga kayan da aka baje. Shi kuwa ya ce bangon ƙasa da ba a taɓa shi, ba a kuma ba shi ruwa, tsagewa yake yi don kewa. Aka yi ta kai-komo cikin mutunci, injiniyoyi suka duba yadda za a yi ba tare da an cutar da zanen da ke sauran ɗakuna ba, daga ƙarshe aka amince masa da yayyafi sau ɗaya a mako. Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci, sai ya ɗauki ƙwarya da sabuwar tsintsiya ya zagaya zauren yana fesa wa bango ruwa. Malam Tanko, wanda ya yi shekara da shekaru yana ce wa mutane kada su taɓa, ya wayi gari yana ce musu su taɓa ba komai.

Ba mu san wanda ya fara yaɗa labarin ba. Abin da muka sani shi ne, gidan da yawancinmu ba mu taɓa takawa ba, don muna ganin na Turawa ne da manyan Larabawa, sai ga shi yana cika da mu duk Juma'a. Masu gadi da direbobi suna tahowa a motar haya daga wajen unguwar ma'aikata ta Asian Town, ma'aikatan filin jirgi suna zuwa da kayan aiki a jikinsu, likitoci da malaman jami'a suna zuwa da 'ya'yansu da aka haifa a nan, waɗanda ba su taɓa jin ƙamshin damina ba. A shiga a jingina da bango, a shaƙi ƙamshin. Wani ya tuno gonar gero, wani ya tuno tsakar gidansu da kwanonin da ake jerawa a ƙarƙashin indararo, wani ya tuno mahaifiyar da aka binne ba ya nan. Ni da nake rubuta wannan Bazazzage ne, shi kuma Bakano, don haka ban taɓa shiga ban tsokane shi ba. Nakan ce masa a Zariya wannan ginin ko akurkin kaji ba zai samu shiga ba, shi kuma ya ce to me ya hana Bazazzagen ya zauna a gidansa mai iyakwandishan, yake zuwa kowane mako yana shaƙe wa Kanawa ƙamshi. Gaskiyarsa ce, ban taɓa fashin zuwa ba, kuma ban taɓa fita daga wurin ba tare da kewar gida ta danne mini ƙirji ba.

Aikin ya zo gangara, saura saman bangon yamma kawai, da 'yan buhunan da aka ware masa daidai. Gidan ya riga ya sa ranar bikin buɗewa, an aika wa manyan baƙi goron gayyata, marigayin kuma ya gaya wa kowa cewa da ya ɗora tubalin ƙarshe zai ajiye makullin mota ya koma Rano gaba ɗaya. Ya yi wa Hajiya, wadda ke can Rano, alkawarin zai yi damina mai zuwa a gida, alkawarin da ya sha yi yana sake ɗagawa saboda hidimar iyali. Maganar da ya fi maimaitawa a 'yan kwanakin nan ita ce: “Ni dai jar ƙasar da ta rufe babana, ita nake so ta rufe ni. Kada ku bar ni a cikin yashin nan.” Muka riƙa ce masa ya daina wannan zance, ashe shi ya fi mu jin abin da ke tafe.

Da Allah ya karɓi abinsa, Shugaban Ƙungiya da dattawa suka fara shirin cika masa burinsa. Sai aka sanar da mu cewa kai gawa gida yana buƙatar ta yi kwana da kwanaki a cikin firjin mutuware ana jiran takardu da jirgi, a kuma yi mata allurar hana lalacewa. Malamanmu suka tunatar da mu cewa gaggauta sutura ita ce sunna. Muka shiga tsaka mai wuya, domin a gefe guda ga wasiyyar uba, a ɗaya gefen ga abin da za a yi wa jikinsa kafin a cika ta. Aka yanke shawarar a bar wa Hajiya Safiyyatu magana ta ƙarshe, aka kira ta a waya da sassafen Laraba dattawa suna saurare. Sai ta ce: “Mutumin nan ya sha sanyin ƙanƙara da ransa don ya ciyar da mu. Ban yarda a ƙara masa ko dare ɗaya a kan na jiya ba bayan ransa. Ku rufe shi a can inda Allah ya kira shi.” Ta kuwa san da wannan kalma ta haƙura da ganin fuskarsa da kuma kabarin da za ta riƙa ziyarta. Har za a kashe wayar sai ta sake magana, ta tambaya ko ƙasar da aka kai masa daga Rano ta ƙare.

Ba ta ƙare ba, amma ba tamu ba ce. Mallakin gidan adana fasahar ce, an lissafa ta cikin kayan aikin, kuma ita kaɗai ta rage don ƙarasa bangon da aka gayyaci jama'a su zo gani. Shugaban Ƙungiya da Malam Tanko suka je wa Dakta Fauzia da wannan roƙo suna jin nauyi, don sun san shekarun da ta ɓata a kan aikin, sun kuma san akwai wani magini da za a iya ɗaukowa daga gida ya ɗora ragowar da waɗannan buhuna kafin ranar biki. Ba ta bari sun gama bayani ba. Ta ce: “Khalas, shi ke nan, ta Baba ce,” ta shiga wurin shugabanninta da kanta, ba ta fito ba sai da izini a hannu. Motar da marigayin yake tuƙawa ita ta ɗauki buhunan zuwa maƙabarta.

Waɗanda suka halarta za su ba da shaida. Bayan an sa shi a makwancinsa an jera abin rufi, sai aka zo wurin toshe kafofi da laka kamar yadda ake yi a nan da can gida. Ma'aikatan maƙabartar, Allah ya saka musu da alheri, suka matsa suka ba mu wuri. Malam Tanko ya kwance buhu, Shugaban Ƙungiya ya tsiyaya ruwa, dattawa suka naɗe hannun riga suna kwaɓawa. A tsakiyar farin yashi da zafin Azahar, sai ƙamshin nan na Juma'a ya tashi ya game wurin. Duk dauriyar da muka yi tun safe a nan ta ƙare. Manyan mutane masu furfura suna liƙe laka suna share hawaye da kafaɗa, don hannuwansu sun yi ja. Muka toshe kowace kafa, muka juye ragowar a kansa har buhun ƙarshe, kafin a mayar da yashi.

Wannan ita ce amsarmu ga 'yan uwa masu tambaya. Ba za mu ce mun kai shi gida ba, don ba mu kai shi ba, kuma wannan zai daɗe yana yi mana ciwo. Abin da muka iya shi ne muka kawo masa abin da ya roƙa na gida zuwa inda yake kwance. Duk wanda yake da sauran ƙorafi, muna roƙonsa ya kawo wa Majalisar Dattawa, kada ya kai wa Hajiya, domin abin da take ɗauke da shi ya ishe ta.

Shugabannin gidan adana fasahar sun sanar da mu cewa ba za a ɗauko wani magini ba, ba kuma za a sake odar ƙasa ba. Za a bar bangon yamma da giɓinsa, da sawun yatsun marigayin a kan tubalin da ya ɗora na ƙarshe, a haka za a buɗe zauren a ranar da aka sa. Sun kuma amince yayyafin Juma'a ya ci gaba, an damƙa ƙwaryar da tsintsiyar a hannun Malam Tanko. Ƙungiya tana godiya ga Dakta Fauzia Osman da shugabanninta, da likitocin da suka yi iya ƙoƙarinsu, da duk wanda ya bar aikinsa ya zo ya sallaci gawar. Ana ci gaba da karɓar gaisuwa a gidan Shugaban Ƙungiya da ke Madinat Khalifa ta Kudu, a Rano kuma a gidan marigayin.

Muna roƙon Allah Maɗaukakin Sarki ya jiƙan Alhaji Zulkiflu Baballe Rano, ya gafarta masa kurakuransa, ya yalwata makwancinsa, ya sanya shi a gidan da ba zafin rana ba sanyin ƙanƙara, ya haɗa shi da mahaifansa a Aljannar Firdausi. Allah ya ba iyalansa haƙuri da juriyar wannan babban rashi, ya raya abin da ya bari, ya zama gatansu. Mu kuma da muka saura a nan muna cewa baɗi za mu koma, Allah ya mayar da mu gida da ƙafafunmu, idan kuma a nan wa'adin yake, ya sa mu cika da imani.

Zuwa ga mahaifiyarmu Hajiya Safiyyatu: kin ce a gaya miki yadda aka kwantar da shi. An kwantar da shi a kan gefensa na dama, jar ƙasar Rano tana rufe da shi, fuskarsa tana duban alƙibla. Daga nan Doha kuwa, kamar yadda shi da kansa ya koya mana, wanda ya fuskanci alƙibla yana fuskantar wajenki.

Injiniya Shamsudeen Umar Faruq
Sakataren Yaɗa Labarai kuma Kakakin Majalisar Dattawa
Ƙungiyar Inuwar Zumunta ta 'Yan Arewa Mazauna Doha, Qatar